Baƙuwa ta Karɓi Wayar Kawu

Zuwa ga 'yata Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, koyon aiki kuma yana tafiya yadda kike so. Nan lafiya lau muke. Gwiwar nan tawa ce dai take tuna mini shekaruna duk lokacin da na hau matattakalar ofis, amma likita ya ce ba wani abu ba ne, zama ne ya yi yawa. Na yi waya da Yaya, mahaifiyarki, shekaranjiya, tana lafiya. Ta ce in ja miki kunne ki riƙa cin abinci a kan lokaci, wai a hoton da kika tura mata ba abin da ya rage a jikinki sai wuya.

Na san za ki ce me ya sa Kawu har yanzu yake rubuta wasiƙa alhali ga waya. Ke ma kin san amsar. Mutumin da ya kwashe shekaru yana raba wa direbobin kamfanin jigila hanya, waya manne a kunne tun safe har yamma, in ya dawo gida ko ƙararta ba ya son ji. Biro ba ya kuka.

To ga labari. Irin kayan da kuke koyon ƙerawa ya iso kamfaninmu. Manaja ya tara mu a ɗakin taro ya ce za a kawo mana mutum-mutumi mai aikin ofis. Wallahi ni na zata wani ƙaton ƙarfe za a turo mai hannu da ƙafa, har na ce wa Dogo, abokin zamana mai shigar da bayanan kaya a kwamfuta, ya matsa da kujerarsa a sama wa baƙo wuri. Sai ga wasu samari da jaka ɗaya, suka yi 'yan danne-danne, suka ce an gama. Na ce ina yake? Suka ce yana ciki. Na ce cikin me? Suka nuna mini kwamfutar da nake gani kullum, har da tabon shayin da na zubar a gefenta bara.

Direbobi sun sa mata suna Baƙuwa, don muryar mace gare ta in tana magana. Aikinta kuwa, ba zan yi miki ƙarya ba, abin mamaki ne. Takardun kayan da Dogo yake wuni yana kwafewa, kafin ya gama kurɓar shayi ta shigar da su. Ta san motar da ta cika da wadda ke da sauran wuri. Jiya ta tsara wa direban babbar mota hanya ta inda ni ban taɓa tunani ba, ya dawo rana tsaka yana ta yi mini dariya. Na ce masa ya bi a hankali, sabon takalmi ne, bai san inda zai cije shi ba tukuna.

Hira ta ragu a ofis. Kowa yana kallon kujerarsa kamar za ta tashi ta gudu. Dogo da bakinsa ba ya rufuwa, yanzu sai ka tambaye shi sau biyu kafin ya amsa. Ni kam na ce musu su kwantar da hankali, 'yata tana can tana koyon abin nan, in ta dawo za ta nuna mana inda kunnen Baƙuwa yake mu murɗa.

Ki gaya mini gaskiya, Injiniya. Irin wannan baƙuwar, kwana ta zo yi ko zama?

Kawunki

*

Kawu na kaina,

Wa'alaikumus salam. Na sami wasiƙarka, na karanta ta a bas a kan hanyar zuwa aiki ina dariya ni kaɗai, har matar da ke kusa da ni ta ɗan matsa. Ina lafiya. Mura ta taɓa ni makon jiya saboda sanyin na'urar ofis, amma ta sake ni. Ka gaya wa Umma wuyan nan gado ne, a wajen danginta na ɗauko shi, in tana musu ta dube ka. Gwiwa kuma a riƙa ɗan tattaki, Kawu. Tun ina gidanka nake faɗa maka.

Tambayarka kuwa, zama ta zo yi, ba zan ɓoye maka ba. Manhaja ce da ake koya wa aikin da mutum yake maimaitawa, ta buɗe nan, ta kwafi lamba, ta saka can, ta tura saƙo. Duk aikin da na yau da na gobe iri ɗaya ne ta fi mu iyawa, don ba ta gundura, idonta kuma ba ya ganin biyu-biyu in yamma ta yi. Amma da abu ya ɗan kauce daga yadda aka koya mata, sai ta tsaya cik ta nemi mutum. Kunnenta kuma ba ya murɗuwa, na gwada.

Ni ma ina da labari. Shugabar sashenmu ta kira ni ofishinta ta ce in na gama koyon aiki suna so in zauna da su, ma'aikaciya sosai, da teburina da katina. Ta ba ni zuwa ƙarshen wata mai zuwa in ba ta amsa. Kawu, da na fito sai da na shiga banɗaki na yi tsalle don kada a gan ni. Ban gaya wa Umma ba tukuna. Kai na fara gaya wa, don kai ne ka riƙa kai ni makaranta a babur, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, kana yi wa direba kwatance kana ce mini in riƙe ka da kyau. Har yau in na ji wani ya ce "kana ina yanzu?" muryarka nake ji.

Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a wasiƙarka. Ka ba ni labarin kujerar kowa ban da taka. Me Manaja ya ce game da teburinka? Kada ka yi mini irin halin nan naka, ka ba mutum dariya ka zame.

Ka gaida Dogo da direbobi.

'Yarka, Injiniya, tunda ka ƙi barin sunan nan

*

Injiniya,

Salam. Ina lafiya, ina fata kina lafiya. A tsaye nake rubuta wannan a kan murfin mota, ki yi haƙuri da rubutun. Na yi murna ƙwarai da maganar aikinki, Allah ya sa albarka.

Kin tambayi teburina. Babu tebur. Daga Litinin ɗin nan Baƙuwa ta karɓi teburin da wayar duka. Yau na kwashe kayana a kwali, na miƙa wayar da hannuna. Dogo ma an sallame shi. Gobe da sassafe zan kama hanya. Sauran bayani sai na sami wurin zama.

Kada ki gaya wa Yaya komai tukuna, kin san ta da saurin tashin hankali.

Kawunki

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ka lafiya, ko a ina kake. Ni lafiyar jiki dai akwai ta.

Na karanta 'yar takardarka har ta kusa yagewa a wurin ninki. "Dogo ma an sallame shi." Wato ku biyu ke nan. Duk shekarun nan da ka ba su, ba Asabar ba Lahadi, ranar da aka kwantar da matarka, marigayiya Anti, a asibiti ma waya na kunnenka a bakin ƙofar ɗaki, sakayyar ke nan? Kwali ɗaya?

Nan take na kira lambarka. Wata murya mai laushi ta ɗauka ta ce barka da rana, in faɗi lambar kayana. Na ce kawuna nake nema. Ta ce ba ta gane ba, in sake faɗin lambar kayana. Kawu, na san muryar nan. Irinta muke gwadawa a nan kullum, ni da kaina na taɓa gyara wa wata yadda za ta yi gaisuwa. Ban taɓa zaton zan ji ta a lambar da na haddace tun ina 'yar firamare ba. Na kashe wayar na zauna a kan matattakala, mutane suna ta ratsa ni suna wucewa.

Ban gaya wa Umma ba, kamar yadda ka ce, amma ita ta kira ni. Ta ce, "Ke, kawunki aure ya yi a ɓoye?" Na ce wane irin aure kuma? Ta ce ta kira ka ya fi a ƙirga, kullum wata mace ce ke ɗauka, murya dai da daɗi, amma ba ta san gaida manya ba, sai tambayar kaya. Ta ce, "Na ce mata ni yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, wai sai ta ce in danna ɗaya." Da a wani lokaci ne da na yi dariya har cikina ya ƙulle. Na ce mata ƙila layi ne ya haɗu.

Hanyar da ka ce za ka kama da sassafe, ina za ka? Neman aiki? Da wannan gwiwar?

Na yi tunani, Kawu. Ba zan karɓi aikin nan ba. Ba zan zauna a ɗaki mai sanyi ina ƙera abin da ke kwashe wa irinka kaya a kwali ba. Zan ƙarasa abin da ya rage in dawo gida, ko koyarwa ce in yi. Kada ka ce mini komai a kan wannan. Ka dai gaya mini inda kake.

'Yarka

*

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Har yanzu shiru. Kullum in na dawo sai na buɗe akwatin wasiƙu na ƙasan bene, ba komai sai takardun talla. Mai gadin ginin har ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Ina lafiya, barci ne dai ba ya zuwa da daɗi.

Makon nan aka tafi da ni wani kamfanin inshora inda za mu saka irin Baƙuwarku. Aikina shi ne in zauna kusa da mai aikin, in ga yadda take yi, in rubuta shi daki-daki don a koya wa manhaja. Wata dattijuwa ce, tabarau a kan hanci, hoton jikokinta manne a gefen kwamfuta. Ta nuna mini komai ba ƙyashi, har biskit ɗinta ta raba biyu ta ba ni rabi. Da muka gama ta cire tabarau tana gogewa ta ce, "'Yata, in kin gama koya mata, ni kuma me zan yi?" Ba da faɗa ta tambaya ba, kamar mai tambayar hanya ce. A da in an yi mini irin wannan tambayar amsa na bakina, wadda aka koya mana, cewa za a ba ki aikin da ya fi wannan. Ranar amsar ta ƙi fitowa, kai nake gani a kujerar. Na ce mata zan tambayo mata.

Shugabata ta sake tuntuɓa ta, na ce ta ƙara mini haƙuri zuwa ƙarshen wata kamar yadda ta ce tun farko. Ta dube ni ta ce lafiya dai ko? Na ce lafiya. Na riga na yanke abin da zan ce, bakina ne ya yi nauyi.

Umma ta ce ita ta gaji da danna ɗaya, mota za ta shiga ta zo ta ga matar da idonta. Na yi na yi in hana ta, ka dai san yayarka. In ta iso ta tarar da gida a kulle, ba ruwana, kai ka ja.

Ko layi ɗaya ne, Kawu.

'Yarka

*

Injiniya 'yar Kawu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina lafiya, lafiya ƙalau, gwiwar ma ta yi sauƙi. Ki zauna, ki sha ruwa, sannan ki karanta.

Ba a kore ni ba.

Wasiƙunki biyu yau na same su tare a saman kabad ɗin ofis. Mai kawo wasiƙu ya zo bai ga teburina ba, ya ɗora su can inda ido ba ya kaiwa. Da na karanta ta farko sai na riƙe baki. "Dogo kuma an sallame shi" na rubuta. Murfin mota da zafi, biro yana yi yana tsayawa, ya cinye "ku" ya bar miki "ma". Sauran kuma gaggawata ce, na ce kwali na ce hanya, ban ce hanyar ina ba.

Ga abin da ya faru. Manaja ya kira ni, na shiga har na fara tsara godiyar bankwana a raina. Sai ya ce tun da Baƙuwa ta ɗauke raba hanya da amsa waya, kullum akwai abin da take turowa gefe, wanda ya gagare ta: kayan da suka fashe a hanya, adireshin da ba ya cikin taswira, mutumin da ya fusata ya ce shi ba zai yi magana da inji ba. Ya ce ana son wanda zai riƙa zuwa da ƙafarsa. Aka ba ni ƙaramar mota da sabuwar waya, wadda ba ta kuka sai in Baƙuwa ta turo mini inda za ni. Lambobinku duka suna cikin tsohuwar, ni kuma da shirun ya yi mini daɗi sai na ce bari in ɗan sha iska kafin in nemo su. Zagayen rassa aka fara tura ni, shi ya sa na daɗe ban leƙa ofis ba.

Injiniya, shekara da shekaru ina tura mutane titunan garin nan, ashe ban san su ba. Na san sunan kowace kwana, ban san wadda ke da inuwa ba. Ranar farko da na dawo gida rana na sama, na zauna a ƙofa na rasa inda zan sa hannuwana. Maƙwabcina ya leƙo ya ce lafiya, ko ciwo ne?

Maganar Dogo gaskiya ce. An sallame shi, shi da yarinyar da ke buga takardun kaya. Ita ta koma shagon yayanta. Dogo kuwa har yanzu nema yake, ga iyali. Ranar da ya tafi ya manta kofinsa a kan taga, na ɗauka na kai masa har gida. Duk inda na shiga yanzu ina ajiye maganarsa. Don haka ba zan ce miki Baƙuwa ba ta taka kowa ba, ta taka. Amma in kin bar aikin nan ba Dogo za a mayar kujerarsa ba, wani za a ɗauka a madadinki, wanda bai taɓa zama a kan matattakala saboda kawunsa ba. Dattijuwar nan kin ce za ki tambayo mata. Wanda ya fita ta ƙofa wa zai tambaya? Ki je ki ce wa shugabarki kin karɓa.

Yaya ta iso. Na dawo daga zagaye na tarar da ita zaune a kan jakarta a ƙofar gida. Ko gaisuwata ba ta amsa ba, ta karɓi makulli ta bi ɗaki-ɗaki, har bayan labule, har kicin ta buɗe tukwane. Ta ce, "Ina take?" Washegari na kai ta ofis na nuna mata kwamfutar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan ce ta ce in danna ɗaya?" Direbobi sai da suka fita waje, don ba a dariya a gaban babba.

Sai dai tafiyar Yaya ba ta tashi a banza ba. Ki gyara zama.

Akwai wata mai gidan burodi. Shekaru muna kai mata fulawa, kuma duk safiyar Talata sai ta kira ni ta yi mini faɗa a kan latti. Ban taɓa ganin ta ba. A raina na zana ta ƙatuwa, da ludayi a hannu. Da Baƙuwa ta karɓi wayar, duk kiran da ta yi maganarta ɗaya ce: "A ba ni mutum." Har Baƙuwa ta gaji, in tana gajiya, ta turo mini ita. Na je. Lungu ne da tun daga bakin titi hanci ke yi maka jagora. Sallama kawai na yi, wata 'yar siririyar mata, gari har a gira, ta ɗago daga bayan teburin sayarwa ta ce, "Kai ne na waya! Ina ka shiga ka bar ni da marar kunyar nan?" Na ce ga ni na kawo kaina a yi mini faɗan ido da ido. Ta ce faɗa ba ya daɗi da yunwa, ta yanko burodi mai zafi ta zuba shayi.

Matsalar ƙarama ce. Taswira ta ɗauki ƙofar baya ita ce ta gaba, lungun bayan kuwa babbar mota ba ta shiga. Na sa aka gyara, tun daga ranar, fulawa ba ta sake latti ba. Ni ne dai ban daina zuwa duba ko an gyara ba. Mijinta ya rasu da daɗewa, 'ya'yanta duk sun yi aure. Na kai Yaya, wai mu sayi burodi. Suka shige ciki su biyu suka bar ni a teburin sayarwa ina sallamar masu saye. Da muka fito muka shiga mota, sai Yaya ta ce, "Wannan ta san gaida manya."

Ga sabuwar lambata a ƙasa. Ki kira, mutum zai ɗauka.

Kawunki

*

Kawu, Kawu, Kawu!

Wa'alaikumus salam. Lafiyata lau, barci har da minshari, in ji abokiyar ɗakina. Umma ta riga wasiƙarka isowa, ta kira ni tun tana cikin mota, amma ba abin da na tsinta sai "ba a kore shi ba" da "'yar siririya ce amma akwai hankali". Sai da takardarka ta zo na haɗa kan zancen. Jiya da na kira ka kuka da dariya ba su bar ni na faɗi komai ba, shi ya sa na zauna rubutu.

Na sake ɗauko 'yar takardar nan na ɗaga ta a hasken taga. Ga shatin "ku" nan, biro ya bi bai zubar da tawada ba. In ka sake rubuta mini wasiƙa a kan murfin mota, ni da kai ne.

Na karɓi aikin. Na shiga na ce wa shugabata na karɓa, amma ina da roƙo. A sa ni cikin masu zuwa wajen ma'aikata tun kafin a saka komai, kuma a riƙa tambayar kamfani me zai yi da mutanensa tun ranar farko, ba sai an gama ba. Ta ce na farkon ta ba ni, na biyun ba a hannunta yake ba, amma ba wanda ya ɗaure mini baki. Na fara da dattijuwar inshora. Manajansu ya yi ta kame-kame, daga baya ya ce za a mayar da ita wajen karɓar mutanen da ke zuwa da kansu bayan haɗari ko gobara. Na je na gaya mata, ta ce ita dama da mutane ta fi iyawa, takardu ƙaddara ce ta haɗa su. Abokan aikinta kuwa bai ba ni amsa a kansu ba. Zan koma.

Maganar Dogo tana raina. Akwai wani gajeren kwas na kula da irin waɗannan manhajoji, ta intanet ake yi da yamma. Na rubuta bayaninsa a bayan takardar nan. In ya ga zai iya, zan riƙa bi da shi ta waya ranar Asabar. In ya ƙi kada ka matsa masa.

Yanzu sai babbar magana. Kawu, "duba ko an gyara"? Sau nawa ake duba ƙofa ɗaya? Ni ina nan ina kuka, ina zaton kana yawon neman aiki da gwiwa mai ciwo, ashe kana lungu mai ƙamshi ana yanka maka burodi. Wace riga kake sawa in za ka? Kada ka ce mini ruwan tokar nan mai manyan aljihu. Ka gaishe ta da kyau, ka ce 'yarta ta nesa tana gaisuwa. Ina da hutu kafin in fara sabon aiki. Ka gaya mini ko in sa shi ya dace da wani abu.

'Yarka, Injiniya, yanzu kam ta gaske

*

Injiniya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Kin ga na ce muna. A zaune nake rubutu, a kan teburin gidan burodi, don haka in kin ga gari a takardar ki kaɗe.

Barka da aiki, Allah ya ba ki ikon riƙewa. Dogo ya karanta bayanin ya ce Turanci ya yi yawa, ya ajiye. Jiya kuma ya kira ni ya ce ki neme shi Asabar. Bai sami aiki ba tukuna, ki sa shi a addu'a.

Hutunki ki sa shi farkon watan gobe. Yaya ta yi magana da 'yan'uwan mai burodi, an tsayar da ranar ɗaurin aure. Ba wani taro za a yi ba, mu ba yara ba ne. Rigar ruwan toka kuwa an riga an ƙwace ta, ana goge tire da ita.

Ga ta nan ta ce in ba ta biron.

'Yata,

Ina gaishe ki, ina miki barka. Ni ba gwanar rubutu ba ce, hannuna ya fi sabawa da kwaɓi. Labarinki kuwa na sha shi, in ya fara ba ya tsayawa sai burodi ya kusa ƙonewa.

Ƙara na kawo miki. Mutumin nan bai iya zama ba. In ya taso aiki sai ya zo ya tsaya mini a ka yana tsara wa masu kai burodi hanya, alhali sun san hanyarsu tun kafin ya san ƙofata. Da na gaji na ɗaura masa ƙyalle a ƙugu na ce tunda hannu na ƙaiƙayi, ga kwaɓi. Ya yi ta dambe da shi yana gumi, yana tambayar ko babu injin da ke yin wannan. Na ce akwai, ga shi can a kusurwa, shi ke yin na sayarwa, wannan na gida ne. Na farkon da ya gasa mun jefa wa karen lungu, ya shinshina ya koma ya kwanta. Na biyu an yanka shi da ƙyar. Yanzu ya ce na ranar da za ki iso shi zai yi da hannunsa, kada kowa ya taɓa masa.

Allah ya kawo ki lafiya, 'yata. Ki zo da yunwa, ki kuma zo da haƙoranki duka.

Taki, Mai Burodi